Takardu Shida a Kan Buzun Baba

A gidanmu, ranar zaɓe ba ta ƙarewa sai an bi ta zauren Baba. A shekarun da nake magana, kowace jam'iyya da tata takardar ƙuri'a. Za a miƙa maka su duka da ambulop, ka shiga bayan labule, ka sa wadda kake so a ciki, sauran ka zubar a kwando. To, mu ba ma zubarwa. Kowa zai kawo nasa gida, Baba ya baje su a kan buzunsa ya duba wadda babu. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ko daga ƙarshen lungu ya hango takardar jam'iyyarsa ya gane ta. In ita ce babu, sai ya ce Allah ya yi albarka, na gaba ya matso.

Baba baduku ne, a tsohon garin Agadez aka haife shi, kuma yana cikin waɗanda suka shigo da jam'iyyar unguwarmu. Jam'iyyar dattawa ce, masu cewa kada a rushe gidajen ƙasa, kada a raina na gaba, kada a canja abin da aka tarar sai da dalili mai ƙarfi. Duk zaɓe yakan je ya ba manyanta kalmarsa cewa gidansa nasu ne kaf, kuma yana taƙama da cewa kalmar nan ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba.

Yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, tare da mu take zaune tun rasuwar mijinta. Dabinon Bilma take sayarwa, in lokacin lemun Timia ya zo ta haɗa da shi. Ita ce shugabar matan jam'iyyar a unguwa, kuma wajen riƙon tsohon abu ta fi Baba nesa ba kusa ba. Ni kaina na sha ranƙwashi a hannunta saboda ɗankwali ya zame.

Shekarar da na samu katin zaɓena na farko, ita ce shekarar da su biyun suka raba hanya. Zaɓen konseye na meri za a yi, wato kansilolin gari. Akwai wani tsohon magini ɗan jam'iyya, wanda babu gidan ƙasa a unguwarmu da bai taɓa hawa ya yi masa yaɓe ba, kowa ya sa rai shi za a tsayar. Sai manya daga Yamai suka cire sunansa, suka sa wani saurayi mai takalmi mai sheƙi, wanda a taronsa na farko ya yi mana alkawarin siminti da faffaɗan titi. A cikin lungunanmu! Ban san gidan wa ya yi niyyar fara rushewa ba. Tsohon magini ya yi fushi, ya fito takara a matsayin mai zaman kansa, alamarsa tsani.

Baba bai musa cewa an zalunci magini ba, abokinsa ne ma. Amma ya ce wanda ya shiga jam'iyya ya shiga ke nan, in manya sun yi kuskure a zauna a gaya musu, ba kowa ya kama gabansa ba, in ba haka ba gobe babu wanda za a saurara. Gwaggo ta ce ita don gidajen nan da mutuncin tsofaffi ta bi jam'iyya, in jam'iyya ta bar su to ita ce ta tafi, ita Gwaggo tana nan inda take. Kullum da hantsi sai sun yi, shi yana huɗa fata da basilla, ita tana tsince dabino a faifai, kowa na kiran ɗan'uwansa mai taurin kai. Gaskiya kuwa duk suka faɗa.

Ni dai daɗi kamar ya kashe ni. Unguwa ta ɗauki zafi, kiɗa ta nan, guɗa ta can, 'yan kabu-kabu na tsere da tutoci, tsofaffin da suka shekara talatin suna shan shayi a fada ɗaya sun raba butoci. Katina kuwa sau goma nake fito da shi a yini ina kallon hotona, duk da na fito kamar wadda aka tasa daga barci. Zuciyata tana wajen mai tsani, wannan ba tantama. Abin da ya dame ni shi ne buzun Baba. Ni ce 'yar gaban goshinsa, bai taɓa kama ni da ƙarya ba, yakan ma faɗa a gaban mutane. Ba na son in rasa wannan, ba na kuma son in ba mai siminti ƙuri'ata ta farko.

Da safen zaɓe Gwaggo ta ja ni ɗakinta. Ta kwance bakin zanenta ta ciro takarda mai tsani, an ninke ta huɗu, irin waɗanda mutanen magini suka raba don koya wa tsofaffi. Ta ce in na shiga bayan labule in sa tsanin da aka ba ni a ambulop, in jefa ta jam'iyya a kwando, in buɗe wannan in haɗa da sauran. Baba zai ga tsani na nan, tasa babu, shi ke nan kowa ya huta. Na rungume ta har sai da ta ture ni.

A wurin zaɓe, layin mata ya kai bakin titi. Na sha sabuwar atamfa, ina tsaye ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya. Da aka kira sunana, mushenmu, wato malamin da ya koyar da ni a lakwal, shi ne ya miƙo mini takardu shida, ya ce yau an girma. Bayan labule na sa tsani a ambulop, na ciro na Gwaggo na haɗa, na fito na jefa a akwati, aka dangwala mini tawada a yatsa. Har gida ina tafe ina ɗaga yatsan nan, duk wanda na gamu da shi sai ya gani.

Bayan la'asar aka taru a zaure. Gwaggo ta miƙa nata, Baba ya duba, ya ɗago ya dube ta da mamaki, ya yi murmushin wanda ya ci gardama. Inna ta miƙa, matan yayyena biyu suka miƙa, duk Allah ya yi albarka. Na zo ƙarshe, ina ta fara'a.

Ya baje nawa. Ya kamata su zama biyar, sai ga shida. Ga tsani, ga kuma takardar jam'iyyarsa a tsakiya. Murna ta sa na manta kwando sarai.

Ya dubi yatsana mai tawada, ya dubi takardun. Sannan ya ɗauki tsanina ya juya shi, ga sawun ninki huɗu. A hankali ya jawo na Gwaggo, na Inna, na matan yayyena. Duk sauran takardun a miƙe suke, tsanin kowacce kuwa da sawun ninki huɗu. Na jira faɗa, na ma fi son faɗan.

Gwaggo ta ce, "Ni na ba su. In da magana, yi da ni."

Bai ko dube ta ba. Ni ya kalla.

"Ɗiyata, mi ya hana ki hwaɗa mini?"

Na ce, "Tsoro, Baba. Kada ka daina yarda da ni."

Ya dubi buzun, ya ce, "Ashe tsorona nike tarawa a buzun ga, ina cewa biyayya ce."

Ya tattara takardun duka ya ba ni, ya ce in kai murhu. Na kai ina kuka, kuma kunyar da na ji ranar ban sake jin irinta ba.

Washegari labari ya zo cewa magini ya samu kujera. Unguwa ta ɗauki guɗa, Gwaggo da shekarunta ta fita tana rawa, ni ma na taka, ba zan ɓoye ba. Baba ya naɗa rawaninsa ya je ya yi wa abokinsa barka, daga can ya wuce gidan jam'iyya ya gaya musu da bakinsa cewa bana gidansa bai cika musu alkawari ba. Bai bar jam'iyyar ba har ya koma ga Allah.

Bai sake karɓar takardar kowa ba. Zaɓe uku na yi bayan wannan yana raye, kowane na dawo sai in zauna a zaurensa da tawada a yatsa, amsata a bakina, ina jira ya tambaye ni wa na zaɓa. Yakan ce sannu da rana, ya ci gaba da ɗinkinsa.