Ranar da Jinkar Rumbun Baba ta Yi Ƙafa

Shekarar da na haifi ɗana na biyu, na baro Tambuwal na tafi wanka gida, a ƙauyenmu da ke gaba da Kebbe kaɗan. Na tarar Baba da yayansa, wanda muke kira Baffa, har lokacin ba sa magana. Shekara huɗu ke nan suna gaba, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, kuma sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Innarmu ta ce a kan iyakar gona ne, matar Baffa ta ce a kan ƙafar rago ce ranar wani suna. Su biyun ba wanda ke iya tambayarsu.

Ƙarshen bazara ne, ana ta duban gabas. Baba ya yi wa babban rumbunsa sabuwar jinka, ya yi sati yana tufkar ciyawa, aka taru aka ɗora. Inna ta ce ya ɗaure ta. Ya ce nauyinta ma ya isa, sai gobe.

Bayan azahar ina zaune gindin darbejiya ina ba jariri nono, sai iska ta ɗauke cak. Kaji suka shige ƙarƙashin rumbu. Na ɗaga kai na hango ta daga wajen fadama. Mun saba da ƙananan guguwa masu wasa da ledoji a bakin kasuwa, amma wannan daban ce. Baƙin hadari ne a sama, ya zuro wani abu kamar mazurari har ƙasa, yana juyawa yana tahowa, karan dawa na yawo a cikinsa kamar tsinken tsintsiya. Ƙararta kamar babbar mota a kan gada.

Inna ta fizge jaririn, ta ja ni ɗaki tana a'uziyya. Ta ƙofa na ga tabarmata ta tashi, ƙwaryar gari ta bi ta. Sannan jinkar Baba ta ɗaga a hankali, ta yi juyi biyu a sama, ta haye katanga ta faɗa gidan Baffa. Guguwar ta wuce ta bayan gari, ko minti biyu ba ta yi ba.

Ba mu gama salati ba muka ji ihu daga can. Na taka turmi na leƙa. Jinkar ce ke tafiya a tsakar gida da ƙafa huɗu. Matar Baffa ta jefar da taɓarya ta shige ɗaki, tana cewa mutanen ɓoye sun sauka. Sai da abin ya yi kuka muka gane jakin Baffa ne ta kife a kansa, ya tsinke igiya yana neman hanya.

Aka fitar da jaki lafiya, sai dai kunnensa ɗaya ya kwanta. Saura jinka. Hatsin Baba na shekara a buɗe, ga hadari yana haɗuwa. Baba ya tsaya a bakin katanga ta nan, Baffa ta can, suna ganin hular juna. Baba ya dube ni ya ce, "Ke, ce mishi a miƙo min jinkata."

Na ce, "Baffa, wai Baba ya ce..."

"Na jiya," in ji Baffa. "Ce mishi ni ban ɗauko kayan kowa ba. Ina zaune gidana Allah ya aiko min. In shina da magana ya bi guguwa ya tambaye ta."

Na juya zan faɗa, Baba ya ce, "Ce mishi ciyawata ce, igiyata ce."

"Ce mishi jakina ya tsorata. Wa zai biya wannan?"

Haka na yi ta juya wuya a kan turmi, ni da ke jego, ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ko tari ɗaya ya yi ɗayan zai ji. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Liman ya zo, dattijo ne mai sanyin magana, ya saurari kowa. Ya ce a iya karatunsa bai taɓa cin karo da babin abin da guguwa ta kawo ba, amma ya san babin hatsin da ruwa ya jiƙa, kuma duk wanda ya jawo hakan shi zai ciyar da gidan ƙanensa har kaka. Baffa ya dubi sama, ya dubi yawanmu, ya ce a zo a kwashe tarkacen nan daga gidansa.

Jinkar ta fi ƙofar zaure faɗi, dole ta koma ta inda ta zo. Maza shida suka kama, Baffa a ciki don kada a karya masa katanga, Baba yana karɓa ta nan. Ta karkace za ta zame, sai muka ji Baba ya daka tsawa: "Yaya, ɗaga wajenka mana!"

"Na ɗaga tun ɗazu! Kai ne ba ka da ƙarfi, tun kana yaro haka kake!"

Inna ta toshe baki da gefen zane. Su kuwa ba su ma lura ba, Baffa ya zagayo gidanmu, suka ci gaba da faɗa har aka ɗora ta a kan rumbu aka ɗaure. Ana gama ƙulli na ƙarshe ruwan farko ya sauko.

Ruwan ya tsare Baffa a zaurenmu. Inna ta dama fura a ƙwarya ɗaya, ta sa ludayi ɗaya da gangan, ta ce in kai. Na same su kowa ya juya wa ɗan'uwansa kafaɗa, suna gardama. Baffa ya ce guguwar ta fi ƙarfen sabis ɗin waya na Kebbe tsawo sau biyu. Baba ya ce sau uku, kuma shi ya fara ganinta. Baffa ya ce ƙarya ne, yana barci. Na ajiye furar na fito, na bar su suna miƙa wa juna ludayi suna musu har aka kira la'asar.