Azahar Ɗaya a Kufai

Yayan mahaifina shi ne ladanin ƙauyenmu, can bayan Damari, gab da dajin da yanzu ba a son ambatonsa. Baba Ladan muke ce masa. Ni dai an san ni da ƙarin gishiri, amma ko maƙiyina zai shaida cewa in ya kira magariba da azumi, mutanen Funtuwa kan kai dabino baki. Na sha faɗa a majalisa cewa muryarsa ta taɓa kakkaɓo ɗanyen mangwaro a Sabuwa, kuma har yau ba wanda ya kai ni gaban alƙali.

Masallacinmu ba lasifika. Matakala bakwai ce ta ƙasa a jikin bango, ita yake hawa sau biyar a rana, ya toshe kunnuwa da yatsu, ya juya dama, ya juya hagu. Noma kuwa bai iya ba, ko in ce bai tsaya ya iya ba. Rana na take tsaka zai yar da fartanya ya kamo hanyar gida, shi ya sa dawarsa kullum ta fi ta kowa ciyawa. Matarsa, Inna, ta yi mita har ta gaji. Wata rana na tambaye shi abin da yake samu a can sama. Ya ce in ya taka ta bakwai, ciwon gwiwa da yunwa da mitar Inna duk a ƙasa suke tsayawa su jira shi.

Shekarar da mutanen daji suka tashe mu, muka kwashi abin da ya kwasu muka koma Faskari. Masallacin unguwar yana da lasifika, da ladaninsa, da na'ibinsa, da masu jiran na'ibin ya yi mura. Duk da haka suka girmama furfura, suka ba Baba la'asar ɗaya. Ba wanda ya tuna ya gaya masa cewa abin maganar nan ba ya son ƙarfi. Ya zuba masa muryar da ya saba aika wa gonaki, lasifikar ta tsala ƙara kamar an taka wutsiyar kare, wasu suka toshe kunne, wasu suka yi dariya. Ni ma na yi, har na kai labarin teburin mai shayi da ƙari a kai. Bai sake karɓa ba. Ya ce shi ba zai kira mutane ga Allah yana cikin ɗaki, fuska a bango ba.

Daga nan ya fara ƙarewa. Aka auna shi a asibiti, ba a ga komai ba. Tuwonsa ya koma loma biyu. Lokacin salla na yi sai ka ga maƙogwaronsa na motsi shi kaɗai. Ya roƙe ni in kai shi ƙauyenmu a babur, ya kira azahar ɗaya tak. Na yi ta zillewa da wasa, yau taya, gobe birki, har wata uku. Inna ce ta tare ni a zaure ta ce, "Ka kai shi. In ba ka kai shi ba, nan za shi mace muna kallo."

Muka tafi wata Talata da hantsi, bayan an yanke gero. Kusa da gari muka haɗu da wata tsohuwa ɗauke da itace. Ta ce mu kashe babur mu tura, mutanen dajin suna nan ƙetaren rafi da shanun da suka koro, ko tari mai ƙarfi aka yi suna ji.

Garin ya zama kufai. Ciyawa ta kai ƙugu a harabar masallaci, ruwan sama ya cinye matakala biyu. Ya yi alwala da ruwan gorar da muka zo da ita, ya hau da rarrafe. Ni da nake cika bakin na taɓa korar kura da takalmi, sai ga ni riƙe da gefen rigarsa. Na ce, "Baba, don Allah. In suka ji, ko babur ba mu kaiwa."

Ya daɗe yana kallona daga sama. Ya ce, "Ɗiyanka nawa yanzu?"

Na ce shida.

Ya gyaɗa kai. Ya sa yatsu a kunne, ya ja numfashin nan da na sani tun ina yaro, har ƙirjinsa ya cika. Sannan ya yi kiran da leɓɓa kawai. Ya juya dama, ya juya hagu, jijiyar wuyansa a miƙe, bai tsallake kalma ɗaya ba. Kurciyar da ke kan bango ko tashi ba ta yi ba.

Muka yi salla mu biyu a kan ciyawa, muka tura babur muka fita. A hanya shirun ya yi mini nauyi, na ce masa ai ni na ji kiran har cikin ƙashina. Ya ce, "Yau dai ka bar ƙarya, ɗana."

Ya rasu kafin a yanke dawa. A wurin gaisuwa mutane suka yi ta sa mini albarka, wai na cika wa tsoho burinsa. Ban gyara musu zancen ba. Ɗiyana shida suna nan lafiya, kuma in aka sake tsayar da ni gindin matakalar nan, zan sake riƙe rigarsa. Sanin haka bai taɓa rage mini nauyin abin ba.