Saboda Awaki

A gidan surukaina na yi goyon fari, wani ƙauye kusa da Malbaza. Mijina direban kamyon ne, babbar motar ɗaukar siminti, sai ya yi kwanaki bai leƙo gida ba. A wajenmu kuwa mace ba ta nuna ta san ɗan fari. Ba ki faɗin sunansa, ba ki ɗaukarsa gaban manya, ko kuka yake sai ki kau da kai. Ni kuma Allah ya zuba mini kunya, har ta yi mini yawa.

Yaro ya fara rarrafe, gida kuwa ko'ina tarko. Bakin rijiyar tsakar gida daidai da ƙasa, murhu a fili, ga kwalaben kananzir da ake sayowa garin Konni a gindin randa. Kullum idona na kansa, amma da wane bakin zan ce a gyara saboda shi?

Sai na koma ƙarya. Na rataye kwalaben a sama, na ce wa Inna, uwar mijina, awaki ke ture su. Na kewaye murhu da laka, na ce awaki ke watsa toka. Na ɗora murfin tano, wato duro, kan rijiya, nan ma awaki. Tsofaffin awaki ne fa, ko motsi ba su so. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa ganin dabbobi masu gata irin namu ba. Na sunkuyar da kai.

Wani hantsi Baba, uban mijina, yana zaune da ƙannensa a inuwa, na ɗauko masu fura. Ashe wata ta ja ruwa ta bar murfin a gefe. Ina ɗaga ido na hango yaron a bakin rijiya, yana miƙa hannu ga igiyar guga. Ban san lokacin da na saki ƙwaryar ba. Na ƙwala masa kira da sunansa, sunan nan da ban taɓa faɗi ba, na finciko ƙafarsa, na ƙanƙame shi ina kuka gaban dattawa.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na faɗa ɗaki, ban fito ba, ban ci tuwo ba. Ina jin 'yan matan gida suna kwaikwayon muryata suna dariya.

Washegari na ji ƙarar shebur. Baba ne da kansa yake kwaɓa siminti, yana ɗaga wa rijiya baki. Dole na je na durƙusa na gaishe shi, fuskata cikin mayafi. Bai dube ni ba.

"Ɗiyata," ya ce, "awakin nan naki sun fara ƙiriniya. Gara a yi masu katanga."

Ashe tun farko kowa ya sani. Har Baba ya rasu ban iya yi masa godiya ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.