Ganyen Wankan Inna

Magarya iri biyu ce, wanda bai tashi kusa da su ba zai rantse ɗaya ce. Ta gaske, in ka juya ganyenta, bayansa fari ne mai laushi, 'ya'yanta kuma a sha. Magaryar kura kuwa ciki da baya kore shar, sai sheƙi, 'ya'yanta ko yara ba sa waiwaya. Ƙaya kawai suka haɗa.

A gidanmu na Soron Ɗinki akwai ta gaske a gindin rijiya. Innarmu takan ce da ganyenta za a yi mata wankan gawa, kada a je neman na wani wuri. Babban yayanmu ya sare ta, wai saiwarta na tsaga bangon shagonsa. Ni na yi ta masifa, ba wanda ya kula ni.

Ranar da Inna ta cika, da hantsi, ni da gwaggonmu muka ɗora ruwa. Sai ga Yaya da reshe, ya jefar a tsakar gida. Na tsinki ganye na juya. Kore.

"Yaya, wannan fa?"

"Magarya mana. Ku yi sauri, mutane na jira."

"Ta kura ka kawo wa uwarka?"

"Ke, ganye ai ganye ne."

Ban san sanda na suri reshen ba. Na zabga masa a fuska, ƙaya ta kama kunnensa, na fizga ta tsaga shi. Ya kwaɗa mini mari, na faɗa kan turmi, leɓena ya fashe. Na tashi na ƙara masa. Jini a farar rigarsa, jini a tafukana. Mata na salati, maza suka ɓarko daga zaure suka riƙe mu, Inna na kwance a ɗaki.

Gwaggo ce ta fito daga bayan rijiya da ɗan ganye a hannu. Ashe kututturen ya yi toho, ba wanda ya lura. Bai cika tafi ba, amma da ta kirɓa ta zuba a ruwa, ya yi kumfa.

Na miƙe zan bi ta ɗaki, ta dubi hannuwana.

"Da wannan jinin za ki taɓa ta? Zauna nan."

Har yau ban yi nadamar kunnen Yaya ba. Abin da ke cina, a bakin ƙofa na zauna ina jin zubar ruwan, maƙwabciya na riƙe da kan uwata.