Mabuɗin Kwalbar Mai Firji

An ce ranar da aka sa wa lemon kwalba haraji, Mai Firji ya haɗiye mabuɗin kwalbarsa don haushi, wai har yau in ya yi tari sai a ji ƙarar ƙarfe. Ƙarya ce tsagwaronta. Mutumin da ƙwayar magani ma sai an lallashe shi yake haɗiyewa? Mabuɗin yana cikin aljihun tebur, kuma ba haraji ne ya raba shi da wuyansa ba.

Shekara ashirin yana rataye da shi a igiya, a shagonsa da ke kallon makarantar firamare. Halinsa ɗaya: ba ya zubar da kaya. Kwalbar da murfinta ya saki, da wadda kwananta ya kusa ƙarewa, duk gefe yake turawa ya kai wa 'yarsa Auta. Ta yi kuka, kwalba. Ta ci jarrabawa, kwalba biyu. Da kumatunta suka cika, har maƙwabta yake kira su zo su ga lafiya. Matarsa ta yi magana, ya ce yaushe ruwa ya taɓa sa mutum ƙiba.

Bara aka mai da ajin su Auta saman bene. Wata safiya daga ƙofar shago ya hango ta zaune a tsakiyar matakala tana haki, yara suna tsallake ta suna dariya. Likitar da suka je wurinta ta tambayi abin da yarinyar take sha. Ya lissafo mata. Ta ce in ba a daina ba, ciwon sukari yana bakin ƙofa.

Ranar ya cire igiyar. Bai ƙara buɗe wa yaro mai sanye da kayan makaranta kwalba ba. Auta ta yi wata guda ba ta gaishe shi, kuma har yanzu sai ta huta sau ɗaya a matakalar. Kullum yana kallo.

Shekaranjiya ɗan kawunsa, wanda ba ya raga masa, ya tarar da shi yana yi wa masu harajin tsiya. Ya ce masa ai murna ya kamata ya yi, tunda shi ya riga su tuba.

Mai Firji bai ko ɗago ba. "Tsiyar makara nake musu. Ko da yake da sun zo da wuri ma, tawa kyauta take sha, daga hannun ubanta. Kai kuma janye tumbinka daga jikin firjina, kafin a yanka masa nasa harajin."