Gatan da Bakanike Ya Yi Wa Motata

Ina shiga garejin nan na Kwanar Dangora na hango kayan cikin motata zube a daro. Tun zamanin mulkin soja ke nan, amma jiya da na tsinci wani guntun tiyon motar da na adana a akwati sai da raina ya sake ɓaci.

Motar 'yar Kwatano ce mai injekta, wato na'urar zamani mai fesa wa inji mai, gumin koyarwata a Tudun Wada. Aibinta ɗaya: da safe ta yi ta karkarwa tana mutuwa, in ta yi zafi kuma lafiya lau. Shi ya sa na bar wa bakanike ita ta kwana, ya ji da kunnensa.

Na ce, "Oga, wa ya sa ka wannan aikin?"

Ko kallona bai yi ba. "Malam, injekta ta ƙasar Turawa ce. Duk wadda ta shigo nan cire mata muke, mu sa kafireto irin na tsofaffin motoci. Gata na yi maka."

"Ka tashe ta da safe ka saurara?"

"In saurari me? Ai na san ciwon."

Washegari motar ta ci gaba da karkarwarta, ga shan mai ya ƙaru. Sai na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Bebeji, ya kara kunne da sassafe, ya zaro wani tiyon iska da ya tsage, ko tsawon yatsa bai kai ba. Yana sauyawa ta yi luf.

Na koma wurin bakaniken Kwanar Dangora karɓar injektata, wai an sayar wa 'yan gwangwan!

Rashin sani na yafe masa. Ƙin saurarar ne har gobe ban yafe ba. Ku wa ya taɓa yi muku irin wannan gatan?