Gaiwar da Na Haƙo wa Sufeto

Ku da kuka shigo koyarwa jiya-jiya, ku tambayi duk wanda ya san Tamale a da: daga Sakasaka har Nyohini babu dabbar da za ta gifta ban kira ta da sunanta na kimiyya ba. Zabo ma in na ce masa "Numida meleagris", sai ya tsaya ya waiwayo. Amma akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba.

Bazara ce, bayan samun 'yancin kai da kaɗan. Lokacin ni ƙaramin malami ne marar satifiket, kuma ba a tura irinmu kwalejin horon malamai sai sufeto ya zauna a ajinka ya ga darasi, ya sa hannu. In ya ƙi, sai baɗi. Ni kuwa na riga na gaya wa surukaina har ranar tafiyata.

Dokar ajina ɗaya ce: ban da Hausa, ban da Dagbanci. Wanda bakinsa ya suɓuce, a rataya masa ƙashin akuya a wuya har a tashi.

Darasin da na zaɓa shi ne yadda dabba ke dacewa da wurin zamanta. Na ce gaiwa zan kawo. Ita wannan kifanya huhu gare ta. In tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta yi kwance tana cin jikinta har damina. Duk a littafi na karanta. Na hau keke zuwa wani busasshen tafki bayan Sagnarigu, na haƙo curin ƙasa da ya kai girman kan bijimi, na turo shi gumi na zuba kamar an yi mini wanka.

Da na dire shi a tebur, yara suka leƙa, suka dubi juna. Azara, wadda babanta masunci ne, ta ɗaga hannu, ta kalli ƙashin akuya, ta sauke hannun. Na ce a raina, kwarjinin ilimi ke nan.

Ran Laraba sufeto ya iso. Ba Bature ba ne wannan karon, wani dattijon Badagombe ne mai tabarau. Hedimasta ya zauna kusa da shi. Na cika allo da Protopterus annectens, na bayyana cewa na farko sunan dangi ne, na biyu sunan yanka. Yara suka rera har kwanon rufi ya amsa. Sannan na saka curin cikin baho, na tuttula ruwa, na yi musu alkawari da Turanci cewa yanzu ƙasa za ta haifi kifi.

Ƙasa ta jiƙe. Ƙasa ta narke. Na naɗe hannun riga na lalube bahon nan kamar mai neman allura. Abin da na fito da shi, tsohon kofaton jaki.

Hedimasta ya soma karanta rufin ɗaki. Sufeto ya cire tabarau, ya juya ga yara da Hausa: "A cikinku wa ya san babu kifi a nan?"

Hannaye suka tashi gaba ɗaya, har da na mai gyangyaɗin baya.

"Ke 'yata, ta yaya kika sani?"

Azara ta dube ni. "Baba, za a rataya mini ƙashi."

"Yau ni zan rataya. Faɗi."

"Babu ƙofar numfashi," in ji ta. "Gaiwa tana barin ɗan rami kamar na gara. Sai ka ga ramin, ka ƙwanƙwasa, wani lokaci har ta yi maka gurnani. Wannan na Tica, ko kwaɗo ba zai kwana ciki ba."

Daga nan aji ya ɓarke. Wannan ya ce da yauƙinta take yin ɗaki, wancan ya ce tana naɗe wutsiya ta rufe fuska. Darasina kaf suka koyar, har da abin da littafin bai sani ba, ni kuwa ina tsaye laka har gwiwar hannu.

Tun ranar na jefar da ƙashin nan. Kafin ka rubuta wa yaro sunan abu, tambaye shi ko ya taɓa riƙe shi.

Da zai hau motarsa na bi shi. "Ranka ya daɗe, maganar kwalejin..."

Ya zaro alƙalami, ya ɗora takardata a kan bonet, ya sa hannu.

"Za ka tafi, Malam," in ji shi. "Na duba ajin nan kaf, ban ga wanda ya fi ka bukatar makaranta ba."